Bayanan da Doka Ta Wajabta wa Manyan Bankuna: Darasi Daga Rushewar BCCI Ga Masu Zuba Jari

IKKO — A ranar Jumma'a, 5 ga watan Yuli na 1991, hukumomin kula da bankuna na Ingila da Luksambag da waɗansu ƙasashe suka rufe ƙofofin bankin nan da aka fi sani da BCCI a lokaci guda. A wancan zamani bankin yana da rassa fiye da 400 a ƙasashe fiye da 70, littattafansa kuma suna nuna kadarori na fiye da Dala miliyan dubu 20. Kimanin mutum miliyan ɗaya ne suka wayi gari kuɗinsu ya maƙale a cikinsa. Cikinsu har da ƙananan 'yan kasuwa 'yan asalin Asiya mazauna Ingila, da wata ƙaramar hukuma ta tsibiran yammacin Sikotlan wadda ta ajiye fiye da Fam miliyan 20.

Wannan labari bai yi nisa da ɗan kasuwar Ikko ba. Dillalin shanu a Oko-Oba, da falken goro a Agege, da ɗan gwari a Mile 12, da mai sarin kayan masarufi daga masana'antun Ilupeju zuwa Kano ko Sakkwato, kowannensu dukiyarsa tana kwana a banki. Da yawa daga cikinsu kuma sun sayi hannun jarin bankuna, musamman a lokacin da bankunan suka fito neman ƙarin jari a 2004 da 2005, sa'an nan kuma a 2024. Duk wanda ya yi haka ya ba da amanar dukiyarsa ga mutanen da bai taɓa gani ba. Abin da ke tsakaninsa da su shi ne takardun bayani da doka ta tilasta wa banki ya fitar. Saboda haka sanin karatun waɗannan takardu wani ɓangare ne na sana'a, kamar sanin duba haƙoran sa kafin a biya kuɗinsa.

Yadda BCCI ya ɓoye halinsa

Wani ma'aikacin banki ɗan Pakistan, Agha Hasan Abedi, shi ne ya kafa BCCI a 1972, da tallafin Sarkin Abu Dabi, Shaikh Zayed, da kuma Bank of America. Tun daga tushe an tsara bankin yadda babu wata hukuma guda da za ta iya ganinsa gaba ɗaya. An yi wa wani sashe rajista a Luksambag, wani sashen a tsibiran Kaiman, alhali ainihin ofishin gudanarwa yana Landan. Har zuwa 1987 kamfanonin binciken asusu biyu ne suke duba littattafansa, watau Price Waterhouse da Ernst & Whinney, kowanne da nasa ɓangaren. Idan za a binciki wannan sashe, sai a kwaso kuɗi daga wancan a cike giɓi.

Binciken da aka yi daga baya ya gano abubuwa uku manya. Na farko, bankin ya tafka asara mai yawa a cinikin kuɗaɗe da takardun lamuni a tsakiyar shekarun 1980, ya ɓoye ta. Na biyu, ya danƙa wa 'yan tsirarun mutane bashin da ya wuce kima, musamman kamfanin jiragen ruwa na iyalan Gokal, wanda bashinsa ya zarce Dala miliyan dubu ɗaya; a 1997 wata kotu a Landan ta ɗaure Abbas Gokal shekara 14. Na uku, wanda ya fi muni, wani kaso na jarin bankin na bogi ne: bankin yakan ba mutum rance, mutumin ya sayi hannun jarin bankin da wannan rance, sa'an nan a rubuta kuɗin a matsayin sabon jari. Har ila yau akwai ajiyar mutane da aka karɓa ba a shigar da ita littafi ba, aka yi amfani da ita wajen toshe ramuka.

Duk da wannan ɓoye-ɓoye, alamu sun bayyana a fili ga mai lura. Bank of America ya sayar da rabonsa ya fice tun wajen 1980. Ernst & Whinney ya ajiye aikin bincike a 1987. A 1988 aka gurfanar da bankin a birnin Tampa na Amurka bisa zargin halatta kuɗin miyagun ƙwayoyi, ya amsa laifi a 1990, ya biya kimanin Dala miliyan 14. A wannan shekara ta 1990 ya ba da sanarwar asarar kusan Dala miliyan 500 ta shekarar 1989, gwamnatin Abu Dabi kuma ta karɓi kashi 77 cikin 100 na hannun jarinsa domin ta tallafe shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke asirce. Abin da ya rage shi ne mai haɗa su wuri guda ya karanta.

A Nijeriya, BCCI ya buɗe a 1979 a matsayin kamfani mai rajistar ƙasa, wanda 'yan ƙasa suke da rinjayen hannun jarinsa bisa dokar mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni ta 1977. Alhaji Ibrahim Dasuki, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1988, ya shugabanci hukumar daraktocinsa a shekarunsa na farko. Da uwar kamfanin ta faɗi, ba a rufe na Nijeriya tare da ita ba. Ya sake suna zuwa African International Bank, ya ci gaba da aiki. A nan akwai darasi: sunan da ke rubuce a ƙofa ɗaya ne a duk duniya, amma a idon doka kowane kamfani da jarinsa da littattafansa da hukumar da ke kula da shi.

Asalin dokokin bayani

Bayan faɗuwar bankin Herstatt na Jamus a 1974, manyan bankunan ƙasashe masu ƙarfin masana'antu suka kafa wani kwamiti a birnin Basel na Suwizalan. A 1988 kwamitin ya fitar da ƙa'idar cewa jarin banki kada ya gaza kashi 8 cikin 100 na kadarorinsa bayan an auna haɗarin kowace. A Yulin 1992, shekara guda bayan rufe BCCI, ya ƙara da cewa duk bankin da ke aiki a ƙasashe da yawa dole ne ya kasance yana da hukuma guda a ƙasarsa ta asali wadda za ta iya duba shi dunƙule, in kuwa babu, ƙasar da ya je tana da ikon hana shi aiki. A 2004 aka kafa tsarin bisa ginshiƙai uku: mafi ƙarancin jari, da sa idon hukuma, da bayyana wa jama'a. Ginshiƙi na uku shi ne ya haifar da rahoton da manyan bankuna suke bugawa a kan jarinsu da haɗarurrukan da ke kansu, ban da rahoton shekara da aka saba. Bayan rikicin kuɗi na duniya na 2008, aka ƙara tsaurara ƙa'idojin a 2010.

Nijeriya ta bi sahu da nata matakai. An kafa Hukumar Inshorar Ajiyar Banki, NDIC, a 1988. A Nuwamban 1990 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin rarraba bashi, a 1991 kuma aka kafa dokar bankuna, wadda aka sabunta a 2020. Bisa wannan doka, banki ba ya buga asusunsa na shekara sai Babban Banki ya amince, sa'an nan ya buga shi a jaridun ƙasa. Wanda hannun jarinsa ke kan kasuwar hannayen jari ta Ikko kuwa yana miƙa rahoto kowane wata uku.

Abu na farko: ƙarfin jari

Yawancin kuɗin da banki yake juyawa ba nasa ba ne, na masu ajiya ne. Jarin masu hannun jari shi ne garkuwar da asara take fara ci kafin ta kai ga ajiyar mutane. Ba kowace kadara ce take da haɗari iri ɗaya ba, saboda haka ake auna su. A ƙa'idar 1988, tsabar kuɗi da bashin da ake bin gwamnatin ƙasa a kuɗin ƙasar ba a lissafa musu haɗari, bashin sayen gidan zama ana lissafa rabinsa, bashin da aka ba kamfani ko ɗan kasuwa kuwa ana lissafa shi dukansa. A Nijeriya mafi ƙarancin ma'aunin shi ne kashi 10 cikin 100 ga bankin da ke aiki a cikin gida kawai, da kashi 15 ga mai lasisin aiki a ƙasashen waje.

A ƙaddara wani banki ya ba 'yan kasuwa rancen Naira miliyan dubu 100, jarinsa kuma Naira miliyan dubu 15. Ma'auninsa kashi 15 ke nan, ya cika sharaɗi. Idan Naira miliyan dubu 8 daga cikin rancen suka salwanta, ba a kuwa yi musu tanadi ba, jarin zai koma miliyan dubu 7, rancen ya koma miliyan dubu 92, ma'aunin ya faɗo ƙasa da kashi 8. Watau asarar kashi 8 kacal na rance ta cinye fiye da rabin dukiyar masu hannun jari. Daga nan bankin ba shi da zaɓi sai ya dakatar da rabon riba, ko ya sayar da sabon hannun jari wanda zai rage rabon tsofaffin masu shi. Wannan ne dalilin da ya sa mai zuba jari ba ya tsayawa ga ganin cewa banki ya cika sharaɗi. Yana duba tazarar da ke tsakaninsa da sharaɗin, da kuma ko tazarar tana faɗaɗa ko tana tsukewa a cikin shekaru uku ko huɗu.

Abu na biyu: bashin da ya ƙi biyuwa

Kafin 1990, banki a Nijeriya yana iya rubuta kuɗin ruwan bashin da aka daina biya a matsayin riba, ya raba wa masu hannun jari ribar da ba ta taɓa shigowa ba. Ƙa'idojin 1990 suka hana haka. Suka kasa bashin da ya tsaya gida uku: wanda ya wuce kwana 90 ba a biya ba, a keɓe masa kashi 10 cikin 100; wanda ya wuce kwana 180, a keɓe rabi; wanda ya kai shekara, a ɗauke shi asara gaba ɗaya. Da aka fara aiki da su, asirin bankuna da yawa ya tonu, har ta kai ga soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya a Janairun 1998. Daga 2018 bankuna suka koma ga tsarin lissafi na duniya wanda yake buƙatar a yi tanadin asara tun kafin bashi ya tsaya, gwargwadon yadda ake hangen zai lalace.

Mizanin da Babban Banki yake so shi ne kada bashin da ya tsaya ya wuce kashi 5 cikin 100 na dukan rance. Sai dai wannan adadi shi kaɗai yana iya yaudara. Banki yakan sake wa mai bashi sharuɗɗa, ya tsawaita masa lokaci, bashin ya fita daga jerin waɗanda suka tsaya alhali mai shi bai farfaɗo ba. Don haka a nemi layin da ke nuna bashin da aka sake wa sharaɗi, da wanda haɗarinsa ya ƙaru ko da yake bai tsaya ba tukuna. A watan Yunin 2025 Babban Banki ya umarci bankunan da ke cin moriyar sassauci a kan irin wannan bashi su dakatar da rabon riba har sai sun daidaita littattafansu. Wanda ya karanta wannan layi tun da wuri, umarnin bai zo masa da mamaki ba.

Abu na uku: su wane ne suka ci bashin

Rahoton banki yana nuna yadda rance ya rarrabu tsakanin sassan tattalin arziki, kamar man fetur da masana'antu da noma da ciniki, da kuma kason da ke cikin kuɗin waje. Doka ta hana banki ya ba mutum ɗaya ko rukunin kamfanoni ɗaya fiye da kashi 20 cikin 100 na dukiyar masu hannun jari ba da iznin Babban Banki ba. Haka kuma wajibi ne a bayyana bashin 'yan gida, watau daraktoci da kamfanoninsu. Ciwon da ya kashe BCCI ke nan, shi ne kuma ya sake bayyana a Nijeriya. A ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu Naira miliyan dubu 420, bayan bincike ya nuna rancensu ya taru a kan cinikin hannun jari da shigo da mai. Ajiyar mutane ta tsira. Amma a Agustan 2011, da aka soke lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna, masu hannun jarinsu sun tashi a tutar babu.

Abu na huɗu: kuɗi a hannu

Banki yana iya kasancewa da isasshen jari amma ya faɗi, idan masu ajiya suka yi masa rububi ba shi da tsabar da zai biya su. A Nijeriya ana buƙatar bankin kasuwanci ya riƙe aƙalla kashi 30 cikin 100 na ajiya a kadarorin da za a iya mayarwa kuɗi nan take. Ƙa'idar Basel ta 2010 kuma ta ce ya riƙe abin da zai ishe shi kwana 30 na tsananin cire kuɗi.

Bankin Credit Suisse na Suwizalan shi ne misali mafi kusa. A ƙarshen 2022 ma'aunin ainihin jarinsa ya haura kashi 14 cikin 100, fiye da abin da doka ta nema. Amma rahotonsa ya nuna asarar fiye da kuɗin Suwizalan miliyan dubu 7 a wannan shekara, da ficewar dukiyar abokan hulɗa ta fiye da miliyan dubu 110 a wata uku na ƙarshe kawai. A ranar 14 ga Maris, 2023, ya bayyana a rahotonsa na shekara cewa akwai babban rauni a tsarinsa na tabbatar da ingancin lissafi. Kashegari shugaban Saudi National Bank, wanda ke da kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarin, ya ce ba za su ƙara kuɗi ba. Ranar 19 ga wata aka sayar da bankin ga UBS a kan miliyan dubu 3. Tsakanin bayanin da sayarwar, kwana biyar ne.

Abu na biyar: ra'ayin masu bincike, da tara, da shari'u

A gaban kowane asusun shekara akwai wasiƙar masu binciken asusu daga waje. Idan suka sa hannu ba tare da togaciya ba, to madalla. Idan suka ja hankali ga wani abu, ko suka ce ci gaban bankin ya dogara ga tallafin wani, wannan sakin layi ya fi duk hotunan da ke cikin littafin muhimmanci. Haka nan canja masu bincike ba zato, ko jinkirin buga asusu, abin tambaya ne.

A can ƙarshen rahoto kuma akwai jerin tarar da hukumomi suka ci bankin da shari'un da ke kansa. A Agustan 2018 Babban Banki ya ci tarar Standard Chartered da Stanbic IBTC da Citibank da Diamond jimlar Naira miliyan dubu 5.87 a kan takardun fitar da kuɗin kamfanin MTN, takaddamar da aka sasanta da kamfanin a Disamban wannan shekara. Tara guda ba ta karya babban banki. Abin lura shi ne maimaituwarta shekara bayan shekara a kan laifi iri ɗaya, domin hakan yana nuna halin gudanarwa.

Abin da ya rataya ga ɗan kasuwa

Wajibi ne a bambance matsayi biyu. Mai ajiya yana da kariyar NDIC, wadda ta fara da Naira 50,000, aka ɗaga ta zuwa Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a kowane bankin kasuwanci a 2024. Da aka soke lasisin Heritage Bank a ranar 3 ga Yuni, 2024, an biya masu ajiya har zuwa wannan iyaka, abin da ya haura kuma sai ya jira a sayar da kadarori a karɓo basusuka. Ga dillalin da kuɗin tirela guda ta shanu ya ninka wannan iyaka sau da yawa, raba ajiya tsakanin bankuna biyu ko uku ba tsoro ba ne, lissafi ne. Mai hannun jari kuwa ba shi da inshora ko kaɗan. Shi ne na ƙarshe a layi, bayan masu ajiya da duk masu bin bashi. Waɗanda suke bin BCCI bashi sun karɓi kusan kashi 90 cikin 100 na haƙƙinsu, amma sai da aka shafe kimanin shekara 20 ana biyansu kaɗan-kaɗan, kuma babu kasuwancin da zai iya jiran jarinsa tsawon wannan lokaci.

Mai hulɗa da bankin da uwarsa take ƙasar waje ya kamata ya nemi rahoto biyu: na kamfanin da ke Nijeriya, domin shi ne yake riƙe da kuɗinsa, da na uwar kamfanin, domin ya san ko mai tallafin tana da ƙarfin tallafawa. Wanda ya zaɓi bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, shi ma bai fita daga wannan ba, domin Babban Banki ne yake kula da irin waɗannan bankuna, suna kuma buga ma'aunin jarinsu da na kuɗin da ya maƙale a hannun abokan hulɗa.

Gaskiya ne cewa takarda tana iya ɗaukar ƙarya, kamar yadda ta BCCI ta ɗauka shekara da shekaru. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a duk misalan da aka kawo, alamun sun riga faɗuwar fitowa. Rahoton shekara ana samunsa a shafin intanet na banki da na kasuwar hannayen jari, kuma haƙƙin kowane mai hannun jari ne a ba shi kafin babban taron shekara. Wanda harshen rahoton ya yi masa nauyi, ya zauna da akanta ko dillalin hannun jari mai rajista, ya tambaye shi abubuwa biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, a kuma kwatanta masa na bana da na bara da na bara waccan kafin ya ƙara ko sisin kwabo.